Tambayoyin da Na Haddace Don Matilde

Maubisse, ƙarshen tsinkar gahawa

Zuwa ga aminina Anacleto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida Leopoldina da gwiwar nan taka mai sanar da zuwan ruwa. Mu nan sai godiya. Gahawa ta yi, farashi ne bai yi ba.

Bayan haka, ka tuna maganar da ta yi ta yawo bara, wai 'yata Ercília ta sayi gida a Fotugal, ita da Timor sai a hoto? A kasuwar Lahadi na fara ji, a bakin mai sayar da taba. Na ce mutumin da ke tauye awo ba za a rasa shi da ƙarin magana ba. To ga shi Ercília tana tafe wata mai kamawa, tare da jikata Matilde da ban taɓa gani ba.

Damuwar ɗaya ce, yarinyar Fotugis kaɗai take ji. Ni kuwa ka sani, lokacin da kuke makarantar mishan ina bayan ɓauna. Sai na tafi wajen Malam Gildo, tsohon malamin cocinmu. Ya dube ni ya ce, "Zeferino, haƙoran da za su riƙe yaren nan ai sun zube." Na ce, "Naka ma a moɗa suke kwana, koya mini kawai."

Yanzu na iya tambaya: Yaya sunanki? Kina jin yunwa? Kin gaji? Yaushe za ki dawo? Kullum da safe aladen gidanmu nake yi wa bita, har ya fara guduna. Gildo ya so mu koyi amsoshi, na ce amsa ai aikinta ne, ni tambaya ce tawa. Sai ya ba ni "muito bem", wato ya yi kyau. Ya ce kamar gishiri take, babu miyar da ba ta shiga.

Ka gaida yara.

Naka,
Zeferino

Maubisse, farkon damina

Aminina Anacleto,

Ina gaisuwa. Yaya jikin uwargida, yaya gwiwa? Ka yafe mini jinkiri, hannuna ne ya yi nauyi.

Sun zo, sun koma. Matilde goshin marigayiya kakarta ta ɗauko sak. Da ta sumbaci hannuna na tambaye ta sunanta, ta ƙyalƙyale da dariya, ta amsa, ta kuma ci gaba da zuba kamar indararo. Ashe tambaya gajeriya ce, amsa ce mai tsawo. Na ce muito bem. Haka muka yi ta yi. In tambaya, ta zuba, in sa gishirina. Tana bina gona riƙe da gefen zanena, ni kuwa ina ji da kaina kamar wani gwamna.

Ka san al'adarmu. Wanda zai bar ƙasa ya zauna wani wuri, sai an hau da shi ɗakin kakanni a kan dutse, a yanka kaza, a sanar da su, a ba shi goron tauna da ganyensa ya tafi da su. Ercília ta yi mini zancen hawa har sau biyu, tana magana tana kallon ƙasa. Na ce hanya ta yi santsi, kuma mai ziyara ba ya buƙatar sallamar kakanni, a bari sai baɗi. 

Ranar tafiya, a gaban mota, na durƙusa na yi wa Matilde tambayar da na fi wahala a kanta: yaushe za ki dawo? Ta daɗe tana amsawa, har da nuni da hannu. Na shafa kanta na ce muito bem, da ƙarfi, don 'yan rakiya su ji. Ercília ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Na gode, Baba, ban zaci za ka ɗauka da sauƙi haka ba." Na ɗauka kukan rabuwa ne.

Gildo yana wurin. Sai da ƙurar mota ta kwanta ya ce, "Tsoho, ka san abin da ka sa wa albarka?" Wai yarinyar cewa ta yi ba za su dawo ba sai ta girma, don Mama ta sayi gida, har an ware wa yarinyar ɗakinta ita kaɗai, kuma sun zo ne su yi ban kwana, amma Mama na tsoron faɗa wa Kaka.

Na ce me ya hana ka taɓa ni? Ya ce, "Kai ka ce amsa ba aikinka ba ne."

Yanzu suna can hayin teku, kakanni ba su san inda suke ba. Na hau dutsen ni kaɗai da kazata, santsin ma bai kai yadda na faɗa ba. Amma goron sallama a tafin hannu ake sa shi, ba a aikawa.

In an sake kawo maka maganar gidan nan, kada ka musa. Mai taba ya faɗa mini, direban motar da ke zuwa Dili, babban birninmu, shi ma ya faɗa mini, duk na ƙaryata su. Gildo fassara kawai ya yi. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe, ido cikin ido, tana riƙe da yatsana, Matilde ce.

Ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Zeferino