Abin da Sajan Ya Bar Mana

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikana sarkin ɓarna. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san rabin karatuna ta taga na yi shi.

Labari dai ubanki ya sha ƙasa. Na leƙa mayanka mu gaisa da tsofaffin abokan aiki, na tarar da samari suna kokawa da rago ɗaya. Na ce su matsa su ga aikin manya. Ragon bai san ni ba. Ya ɗauke ni ya ajiye a kwata.

A asibiti aka shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, aka ɗora na'ura a ga ko wani abu ya fashe. Likitar ta juyo mini da allon. Uwata, kafin ta buɗe baki na gane. Jakar ruwa ce a hantata, da wasu ƙanana a cikinta. Irinta nake yankewa daga hantar tumaki ina kawo wa karenmu Sajan, yana cafewa tun ba ta taɓa ƙasa ba.

Ta ce tsutsa ce. Kare ya ci hantar, tsutsar ta zauna a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa ya maƙale a gashi. Daga gashi sai hannu, daga hannu sai baki. Jakar kuma ta yi shekaru tana girma ba ko tari. Wai da ƙahon ya fasa ta, da yanzu kina karɓar gaisuwa. Za a fara da ƙwayoyi, sannan a yi aiki. Na ce ƙwayoyin dai na ji.

Ta kuma ce duk wanda ya zauna gida ɗaya da karen a yi masa hoton ciki. Mu uku ne. Ke kaɗai kika rage.

Naki, tsohon da rago ya raina.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, tare da yi maka sannu. Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, Sajan ya mutu tun ina sakandare. Lafiyata ƙalau, ga jarrabawar ɗalibai a gabana, ba ni da lokacin layin asibiti. Kai ne mara lafiya. Na san ba wuƙa kake tsoro ba, ƙofar ɗakin tiyatar nan ce da aka tura Mama ta ciki ba ta fito ba. Don Allah ka bari a yi maka aikin.

'Yarka mai biyayya.

*

Uwata,

Gaisuwa irin ta kullum. Mai biyayya kika ce? Na karanta sau biyu ina neman biyayyar ban gan ta ba.

Ƙwayoyin suna sa ni jiri, sai in zauna a tsakar gida. Da rana tsaka, gari shiru, ina jin ƙarar faratan kare a kan siminti. Daga bakin famfo zuwa ƙofar ɗakinki, ya tsaya. Na ce wa kaina ɓera ne. Ɓera ba ya haki.

Kin tuna yadda Mamanki take dafe gefen dama in ta sunkuya wanki? Ina tsokanarta wai ƙiba ce ta zo mata a ɓangare ɗaya. Ran da santsi ya kwashe ta a bakin famfon nan, faɗuwar ba ta kai a ce sannu ba. Amma nan take jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya ƙi. Ban tambayi likitata ko irin jakar nan ce ta fashe mata ba. Na ba ta labarin dai, ta ajiye biro ta daɗe tana kallona.

Ke kuwa burodi kuke ci da Sajan, ki gutsura ya gutsura, ni ina gefe ina dariya har da tafi.

Ga ciniki, ba tayi. Ki kwanta a ɗora miki na'urar, ni kuma in kwanta a yanka ni.

Ubanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini, ƙarya na yi maka. Tun bara nake jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko maigidan ban gaya wa ba. Da wasiƙarka ta farko ta zo, sai na cusa ta ƙarƙashin katifa.

Na je. Akwai ta, guda ɗaya, ƙarama. Sun ɗebi jini, sun ce ba sai an yanka ba, ƙwayoyi zan sha suna duba ta lokaci-lokaci, in ta ƙi a zuƙe ta da allura. Ba ta bin mutum zuwa mutum, jikanka lafiya lau.

Na yi nawa, Baba.

'Yarka.

*

Uwata,

Na gaishe ki. Na so in yi miki barkwanci a nan, na zauna da biro har aka yi la'asar bai zo ba.

Na je na ga ƙofar. Sun sake mata fenti, amma ita ce. Sun ba ni ranar aiki cikin makon gobe. Kada ki zo da kuka, ki zo da silifa, nawa yana kwata.

Faratan ba su daina ba. Sai dai jiya ba su nufi ɗakinki ba, a ƙofata suka tsaya. Na ce wa Sajan ya yi haƙuri, akwai 'yar da take bi na bashin alkawari, ita zan fara sallama.

Ubanki.