Rabin Kaya, Rabin Isansi

Gaya, Litinin

Zuwa ga Zalika,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ke da baƙuwar da Allah ya kawo mana. Ina gaida Inna, sannu da hidimar ruwan zafi. Yaya Rabo da ke karanta miki takardar nan, kai ma ina gaisuwa, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Saƙon haihuwa ya iske ni cikin aji. Na so in daure kamar yadda ake yi wa 'yar fari, amma yaran lakwal, makarantarmu, sun ce mushensu, wato ni malaminsu, ya wuni yana yi wa allo murmushi. Dirakta ya ba ni izini, ranar Juma'a da ni za a yi suna in Allah ya so. Na sayi rago fari, ya riga ya cinye mini rabin zana.

Kin san Siddo mai albasa, wanda ya sayi tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, bara, yake tuƙa ta da kansa tun da direbansa ya gudu Kotonu. Alhamis zai bi ta garinku Zabori. Sai dai isansi, man mota, ya yi wuya a gari, bido biyu kawai ya samu, wato jarka biyu, alhali huɗu take sha in ya cika ta da kaya. Nan karatun da nake yi don jarrabawar ƙarin girma ya yi rana. A aljabra akwai abubuwan da ke tafiya tare, in wannan ya ninka wancan ya ninka, in ya ragu rabi wancan ma haka. Na ce masa ya ɗauki rabin kaya, bido biyu sun ishe mu. Siddo ya ji daɗi har ya ba ni kujerar gaba. Ki gaya wa Inna surukinta bai yi karatun banza ba.

Naki,
Na'Allah

Gaba da Bengou, Alhamis da la'asar

Zuwa ga Zalika,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinki da na baƙuwa, ina roƙon kada ki isar wa Inna saƙon ƙarshe na waccan takarda. In kin riga kin isar, shi ke nan.

A gindin giginya nake rubuto miki. Kamyo ta yi tari, ta yi shiru, bido biyu sun bushe ƙaf. Siddo dai ya koma kan buhu yana cin ɗanyar albasa yana dubana, da ma zagina ya yi ya fi mini sauƙi. Na buɗe littafin aljabra, sai ga shafi na gaba, wanda na ce sai bayan suna zan karanta. Ashe akwai iri na biyu: wani kaso yana ƙaruwa da kaya, wani kuwa yana nan daram ko babu kaya. Kamyo ko wayam take sai ta ja nauyin kanta, sai ta sha. Wannan kason na manta.

Allah ya kawo wani mai keke, Ɗanladi, zai shiga Zabori yau. Bayan kekensa mutum ɗaya yake ɗauka. Na dube shi, na dubi ragon. Ana yin suna babu uba, amma ban yarda a yi na 'yata babu rago ba. Mun ɗaure ragon tsaf a bayan keken, yana zaune kamar kumandan. Sunan da za a raɗa na mahaifiyata ne, bakina ba ya iya faɗa, Yaya Rabo ya san shi.

Siddo ya aika Bengou neman isansi, ni kuwa zan taho da ƙafa. Da wuya in riski raɗin suna, kuma abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Amma dai zan iso kafin nama ya ƙare, a ajiye mini hanta.

Yaya Rabo, ka yi haƙuri ka karanta wannan ma. Zalika, da na ɗauka kewarki da yawan kwanaki take tafiya. Yau na gane irin ta biyu ce: ranar da na kai ki tasha, ba a ko kwana ba, tana nan da nauyinta. Ki riƙe mini baƙuwa a farke, ina hanya.

Mijinki da rago ya riga isowa,
Na'Allah