Feshin da Ya Tsaya a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga shugaban ma'aikatan da suka zo feshin maganin sauro a layinmu, Makera.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Sunana Hauwa'u, ɗalibar sakandare. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto.

Na farko: tunda zazzaɓin nan ya shigo unguwa hankalina bai kwanta ba. Ƙawata Rifkatu, maƙwabciyarmu da muke musayar littattafan soyayya ta kan katanga, yau kwananta shida a asibiti. Littafinta na ƙarƙashin filona. Da can har abinci nake ƙonawa saboda karatu, yanzu ko shafi ɗaya ba na gamawa, kunnena yana wajen kukan sauro.

Na biyu: ranar Talata da hantsi ma'aikatanku suka zo, maza zalla. Baba yana kasuwa, kamar sauran magidantan layin. Suka ga "Ba Shiga" a ƙofar zaure, suka yi sallama sau biyu, suka fesa bakin kwata, suka yi alama da alli a bango, suka wuce. Ban ga laifin ladabinsu ba. Amma sauron ba a ƙofa yake ba, yana bayan banɗaki, wajen durom ɗin da muke tarar ruwan sama. Na leƙa, na ga 'ya'yansa suna wutsil-wutsil a ciki.

Ni ma da nawa laifin. Ina bayan labule lokacin. Umma ta ce in ce su shigo, wallahi kunya ta sa na tsaya ina leƙensu kawai, har suka sha kwana.

Na uku, shi ne ke cin raina: Umma tana da ciki wata bakwai. Jiya ta ce kanta na sarawa. Na yi ta taɓa goshinta har ta kore ni. An ce gidan da ke da alamar alli ba a komawa.

Don Allah ku dawo. Ku taho da mata, ko ku zo bayan la'asar, lokacin maza na gida. Ku kuma gaya mana yadda za mu yi da ruwan durom, famfo ba ya zuwa, ba za mu iya zubarwa ba.

Ɗazu da safe na goge allin da jiƙaƙƙen tsumma. In laifi ne, ni na yi. Gidanmu shi ne mai koriyar ƙofa. Ku yi sallama, wannan karon zan amsa.

Allah ya ƙara girma, ya tsare maka iyalinka.

Wassalam.
Hauwa'u