Ƙwan da Ya Rage Cikin Firijo

Liyon, Faransa, 1988

Inna,

Ina gaishe ki, da Baba, da mutanen Azarori duka. Yaya ƙahwar taki? Ki ba Yaya Tabawa ta karanta miki wagga takarda ku biyu kaɗai, kar a kai ta ga mushen lakwal, malamin makarantar boko.

Muna lahiya ni da mijina Sanda. Alluran ba su da zahi sosai, na dai rame kaɗan.

Ga inda maganar haihuwa ta tsaya. Likita ya ɗauki ƙwaina, ya haɗa da na mijina, ukku sunka kama. Ya duba su da madubin da ke girmama abu, ya ce biyu sun rabu daidai, masu kyau ne. Na ukku ƙarami ne, gehensa duk ɓarɓashi, sai ya aje shi cikin firijo. Masu kyawun anka sa mini. Ba su zauna ba, Inna. Na yi kuka, na gama.

Yanzu likita ya ce kar in sa rai ga wanda ya rage. Sanda ya ce mu koma gida. Na ce ba inda za ni. Na tuna mishi bakwaini kinka haihe ni, har ungozoma ta ce kar a wahala da sayen ragon suna. Ke kinka naɗe ni cikin kaɗa, audugar nan mai laushi, kina ɗiga mini nono.

Bayan salla za a sa mini shi. Ki yi addu'a, ki gaya ma Baba ya bar ɗan ragon nan da yake kiwo, kar ya saida.

Ɗiyarki,
Kadijatu