Bakan da na binne

Daren Laraba, watan Rajab, garin Dogo

Yau na tono bakana. Tun da Nasara suka ce a tattara makamai na binne shi ƙarƙashin rumbu. A lokacin matata Hadiza ta ce, "Maigida, rataye shi cikin hayaƙin madafa, wa zai leƙa can?" Na ce baka ba sha'anin mata ba ne.

Ga shi kumandan Nasara ya sa gasar harbi jibi a Damagaram. Ni da ban taɓa kuskuren goruba kan sanda ba! Na ɗaura sabuwar tsirkiya, ina ja ya karye. Ashe gara ta cinye cikinsa.

Mamman na Gaffati, da kullum nake kayarwa, shi zai ci.

Hadiza ta kwashe guntayen ta hura wuta da su ta tuƙa tuwo. Na ci.