Tsuntsayen da kinka gani

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ce, autarki malamar lekol, makarantar boko.

Gero ya nuna a Urafane, tsuntsayen nan jan-baki sun dawo. Igiyar gwangwanayen da kike ja ki kore su tana rataye a rumbu, ba wanda ya taɓa ta.

Ranar da za mu Umra, ke ce a bakin tagar jirgin sama. Jirgi na tafiya a hankali kinka taɓa ni, kinka ce tsuntsaye sun cika ciyawar can, da sun ji ƙara tare za su tashi, in gaya wa masu jirgin. Ni kuwa, 'yar boko, kunya ta kama ni. Na ce ki yi shiru, nan ba gona ba ce.

Kinka yi shirun kuwa.

Jirgi ya ɗauki gudu, sai ji munka yi bam! Injin gefenki ya kama hayaƙi, matuƙi ya taka birki. Wurin sauka ta tsanin roba ƙugunki ya karye. Daga wannan kwanciya ba ki sake tashi ba.

Masu anketi, wato masu binciken haɗarin, sun kwance injin, sun sami gashin tsuntsu a ciki. Sun saurari akwatin da ke naɗe maganar matuƙa, sannan sunka bi fasinja ɗaya ɗaya. Wani mai furfura daga cikinsu ya tambaye ni ko akwai wanda ya ga tsuntsaye kafin tashi. Ya ɗora bik ɗinsa na rubutu a kan takarda yana jira. Inna, na ce masa babu. Wallahi na ce babu.

An ce ko da na faɗa a jirgi, ba lalle a saurare mu ba. Wataƙila. Amma takardarsu ta ce ba wanda ya gani, ke kuwa kin gani.

Yanzu duk garken da ya tashi daga gonarki, sai in ji yatsanki a hannuna. Da rana tsaka, Inna.

Jiya na rubuta wa masu anketin. Na sa sunanki, da lambar kujerarki, da abin da kinka ce, da amsar da na ba ki. Ko za su karanta, oho.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa ki yafe mini shirun da na sa ki.

Taki,
Auta