Na Ci Gasa da Zanen Abokina, Yanzu Za a Gina wa Mutane Gidaje da Shi

Assalamu alaikum Admin, barka da ƙoƙari, da kai da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ka ɓoye sunana. Ina kuma roƙon waɗanda za su karanta su daure su kai ƙarshe kafin su yanke min hukunci, don duk zagin da za a yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, saboda abin ya tashi daga kaina ni kaɗai, yanzu har da rayukan mutane a ciki.

Ni mai zanen gine-gine ne, abin da ake kira akitek, a Haɗeja nake zaune. Mu masu wannan sana'a ba mu da yawa a yankin nan, shi ya sa muka kafa 'yar ƙungiya, mu na cikin gari da wasu daga Jahun da Kaugama da Birniwa. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna haɗuwa a ofishin shugabanmu, wani dattijo da kowa ke ce wa Alhaji, mu sha shayi, mu yi kukan rashin aiki, mu ji ko akwai wani taro ko bita da za a je. Ni ne sakatare. Duk wata gayyata ta imel ɗin ƙungiya take shigowa, kuma ni kaɗai nake buɗe shi. Aikina kawai in ɗauka in tura a guruf ɗinmu na waya kowa ya gani. Amanar da aka ba ni ke nan, kuma ita na ci.

Akwai abokina, zan kira shi Bukar duk da ba sunansa ba ne. Tare muka yi karatu, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Kakanninsa daga wajen tafkin Chadi suka zo, mahaifinsa magini ne na ƙasa irin na da, don haka Bukar ya san laka tun kafin ya san fensir. Ku da ba 'yan nan ba, ku sani cewa kusan duk damina kogi yana cika ya shiga ƙauyukan fadama, gidajen ƙasa su jiƙe daga gindi su zauna a kan mutane. Wannan abu ne ya hana Bukar sukuni. Ya yi shekaru yana gwada wani irin gini na ƙasa da ruwa zai kwanta a gindinsa bai narke ba, an ɗaga shi a kan dakali mai tsawo, an cakuɗa ƙasar da busasshiyar kachalla, ciyawar nan da ta toshe mana kogi kowa yake tsine mata. Har ɗaki ɗaya ya gina a gonar mahaifinsa. Damina uku ruwa yana zuwa ya kewaye ɗakin ya koma, ɗakin yana nan tsaye. Da idona na gani. Wata rana ya kawo min zanen a filash don in buga masa, saboda ofishina ne ke da babbar firinta. Na buga na ba shi, kwafin ya zauna a kwamfutata. Wallahi a lokacin ban yi niyyar komai ba, mantawa na yi ban goge ba.

Bara, bayan ambaliya ta janye, sai ga wasiƙa ta shigo daga wata ƙungiyar agaji, ba zan faɗi sunanta ba. Gasa ce suka buɗe wa masu zanen gini na yankunan da ruwa ke ci, suna neman zanen gida mai jure ambaliya da za a gina da kayan da talaka ke samu a ƙauyensa. Wanda ya ci za a kai shi bita Abuja ta wata biyu, sannan ya dawo ya jagoranci gina gidajen gwaji a wani ƙauye. A ƙasan wasiƙar an rubuta ƙarara cewa a sanar da dukkan mambobi. Ina karantawa na san wannan ta Bukar ce, kamar da sunansa aka aiko. Na kwafi saƙon, na buɗe guruf, yatsana yana kan wajen turawa, sai na tsaya. Me ya tsayar da ni? Shekara goma sha ɗaya ina zana shaguna da katanga da ɗakin haya, babu wanda ya taɓa kiran sunana a taro. Duk inda aka zauna, Bukar mai basira, Bukar zai yi nisa. Sai zuciya ta ce min, ai ba shi kaɗai ya yi karatu ba. Na ce bari in bari sai gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata.

A cikin kwanakin ne muka haɗu bayan sallar Juma'a, ya riƙe hannuna yana dariya ya ce, "Sakatare, wai duniyar nan ta manta da mu ne? Ko 'yar bita babu?" Na kalle shi ido cikin ido na ce, "Shiru ne wallahi, mutumina." Da rantsuwa na haɗa. A ranar na koma ofis na buɗe zanensa, na canza rufin, na matsar da tagogi, na goge sunansa a kusurwar takarda na sa nawa, na tura. Na yi ta gaya wa kaina cewa ai ba ma za a ɗauka ba, mutum nawa ne za su shiga?

Aka ɗauka. Ni na ci.

Da labari ya fito na ce wa Alhaji ta imel ɗina na kaina na ga sanarwar, kwana biyu kafin a rufe, shi ya sa ban samu sanar da kowa ba. Ya yarda, har ya rungume ni yana cewa na fitar da Haɗeja kunya. Na tafi Abuja, aka sa ni a otal, aka riƙa ɗaukata hoto ina nuna zanen da ba nawa ba. Duk lokacin da aka tafa min sai in sunkuyar da kai. Ina can na ji cewa Bukar ya rufe ɗan ofishinsa saboda aiki ya ƙi, ya koma taya surukinsa sayar da busasshen kifi a kasuwa. Mutumin da ya fi mu duka kai, yana zaune a kan kwali yana jera kifi a kwando. Ranar da na dawo ya zo har gida da leda cike da kifi, ya miƙa wa matata ya ce, "A yi wa ogan Abuja miya." Sannan ya juyo ya ce min, "Wallahi na yi murna kamar ni aka ba. In ɗayanmu ya shiga ai duk mun shiga." Na kasa cin miyar nan. Matata ta yi ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce ulsa ce ta tashi.

Da iyakar abin ke nan, wataƙila da na haɗiye na je kabari da shi, Allah ya yafe min. Amma ga inda na maƙale. Zanen da na sata siffar ginin kawai ya nuna, tsawo da faɗi da kaurin bango. Yadda ake haɗa ƙasar, wace irin ƙasa ce, kachalla nawa, kwana nawa ake barinta ta ruɓa, me ake shafa wa gindin bango, duk wannan ba ya cikin takarda. Yana cikin kan Bukar, shi da mahaifinsa. Ni da nake cike fom na ƙirƙiri lissafin haɗin ne da kaina, na rubuta shi da Turanci mai daɗi, alƙalan gasa suka karɓa. Da na dawo na ce bari in gwada a ɓoye. Na gina ɗan bango a bayan gidana da haɗin da na rubuta, na bar shi ya bushe, na yi masa kewaye na cika da ruwa. Kwana huɗu ya yi ya zube kamar kunu. Na sake da wani haɗin, ya yi kwana shida. Na uku ko bushewa bai gama ba ya tsage. Na tsuguna a gaban lakar nan na rasa abin da ke min daɗi.

Kuma an riga an zaɓi ƙauyen, yana wajen Kaugama, inda ruwa ya cinye rabin gidajensu. An kai mu ganin fili, mai gari ya tara jama'a, aka gabatar da ni a matsayin wanda ya ƙirƙiro gidan da ruwa ba ya kayarwa. Muna shirin shiga mota wata tsohuwa ta tare ni, ta kama gefen rigata. Aka gaya min bango ne ya danne surukarta a ambaliyar da ta wuce, ita ke riƙe da jikoki uku a bukkar leda. Ta ce, "Ɗana, wannan naka in ruwa ya zo ba zai zauna a kanmu ba ko?" Mutane suna kallo, wakilan ƙungiyar suna kallo. Na ce, "In sha Allahu ba zai faɗi ba, Iya." Ta ɗaga hannu ta yi min addu'a mai tsawo, har da iyayena. Wace irin addu'a ce za ta kama mutum irina? Tun daga ranar fuskarta ba ta bar idona ba, ko salla nake yi sai in gan ta.

Na yi tunanin duk wata hanya. Na ce ko in zuba siminti da yawa a ɓoye, amma sharaɗin aikin shi ne kayan ƙauye, kuma akwai injiniyansu da zai riƙa duba haɗin. Na ce ko in ɗauki Bukar aiki a ƙarƙashina, amma yana ganin zanen zai gane, wane uba ne ba ya gane ɗansa don an canza masa riga? Har yau bai ga zanen ba, abin da ya sani kawai shi ne na ci gasar gidajen ambaliya, yana zaton na bulo ne da siminti. Na ce ko in je wajen mahaifinsa in yi masa wayo da hira in ji haɗin, sai na ji kunyar kaina, sata a kan sata, kuma a gidan da aka sha zuba min tuwo. In kuwa na je na gaya wa masu gasar gaskiya, ina tsoron su soke aikin gaba ɗaya su kai wata jiha, mutanen ƙauyen su ci gaba da kwana a leda, sunan ƙungiyarmu ya ɓaci, a daina aiko mana da komai. Mutum goma sha wani abu za su rasa dama saboda ni. Lasisina ma ban san ko zai tsira ba, ga 'ya'ya huɗu.

Makon jiya na yi ta maza na tafi kasuwar kifi da niyyar in faɗa masa komai. Na same shi yana ɗaure kwali, ya share min benci, ya aika aka kawo min zoɓo. Na zauna kusan awa guda, na buɗe baki ya fi sau biyar, abin da ke fitowa shi ne ya kasuwa, ya jikin Baba. Da zan tashi ya raka ni har wajen babur ya ce, "Sakatare, na ga ka rame. Aikin nan in akwai inda zan kama maka ka faɗa, ko awon fili ne, ba sai ka biya ni ba. Hannuna yana ƙaiƙayin aiki." Na ce masa to, zan neme ka. Na hau babur, kafin in kai gada sai da na tsaya a gefen hanya don hawaye sun hana ni ganin gabana.

Yanzu Alhaji ya shirya babban taro a ƙarshen watan nan, ya gayyaci abokan sana'a daga Dutse da wakilan ƙungiyar agajin, zan tsaya in haska zanen a majigi in yi bayani kafin a fara tonon harsashi. Kuma da bakinsa ya ce Bukar ne zai gabatar da ni, tunda shi ne aminina. Bukar ya karɓa da murna, har ya kira ni yana tambayar shekarar da muka gama makaranta don kada ya yi kuskure a jawabinsa. Saura kwana goma sha biyu. Zai gama yabona, ya koma ya zauna a layin gaba, a kashe fitila, ɗakin gonarsu ya fito a bango da sunana a ƙasa.

Ba na iya cin abinci, ba na iya zane, matata ta fara zargin ko wata matsala ce tsakaninmu. Na yi istigfari har na rasa adadi, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai shi ya yafe. In na faɗa masa, ta ina zan fara, kuma da wane ido? In ya yafe ya ba ni haɗin, sunan wa za a sa? In ya ƙi, ina da bakin ganin laifinsa? In na yi shiru na gina da abin da na san yana narkewa, damina mai zuwa wa zan ce ya kashe mutanen ƙauyen nan?

Don Allah jama'a, musamman malamai da waɗanda suka san irin wannan aiki, Bukar zan fara tunkara ko Alhaji ko masu gasar? Kwanakin suna tafiya, ni kuma na kasa ɗaga ƙafa. Me zan yi?